Kwana biyu na yi a Roma, awa ɗaya da rabi kacal na ba abin da ya kamata in gani

Har yau idan na tuna Yuro 60 ɗin nan sai in ji wani abu ya tokare min maƙogwaro. Kuɗin ma da sauƙi, yinin da suka tafi da shi ne ya fi min ciwo.

Sana'ata aikin ruwa ce, shimfiɗa bututu da haɗa injin famfo, shekara goma sha huɗu ke nan. An tura mu Italiya wani kwas na mako biyu kan injinan tura ruwa, da aka gama sai na samu rarar kwana biyu kafin jirgina ya tashi daga Roma. Watan Yuli ne. Wanda ya ce Turai ba zafi, bai tsaya a tsakiyar Roma da ƙarfe ɗaya na rana a wannan watan ba.

Tun kafin in bar gida Yaya ya ja min kunne: "Kai dai ko me za ka yi, ka ɗauko mana hoto a gaban wannan katafaren filin da ake faɗa da zakuna." Abokai ma haka. Don haka ranar farko ko shawara ban yi ba, na hau jirgin ƙarƙashin ƙasa na sauka a tashar Kolosiyam, sunan filin ke nan. Ina fitowa na ga layi kamar na mai a lokacin wahala. Nan wani saurayi da kati rataye a wuya ya tare ni da fara'a, ya ce tikitin yau ya ƙare, amma yana da rukunin da za su shiga ba layi, har da mai yi musu bayani. Yuro 60. Ni da na saba da 'yan kamasho a tasha, ni da nake yi wa wasu dariya idan aka yi musu irin wannan, na zaro kuɗi na miƙa. Aka ce in jira rukuni ya cika. Na jira awa biyu da wani abu a rana, sannan aka kora mu ciki kamar awaki, aka zagaya da mu cikin minti arba'in aka fito. Sai da dare a masauki na duba intanet na ga tikitin gaskiya Yuro 18 ne, kuma da shi za ka shiga har tsohon dandalin birnin da tudun fadar sarakuna. Ana saye tun kwanaki kafin ranar, da sunanka a jiki, ka zaɓi lokacin shigarka.

Ba na raina ginin. Sarki Vespasian ya fara shi wajen shekara ta 72 Miladiyya, ɗansa Titus ya buɗe shi a shekara ta 80 da wasannin kwana ɗari, yana ɗaukar mutum kusan 50,000, kuma ganimar da aka kwaso daga Ƙudus a shekara ta 70 na cikin abin da aka gina shi da ita. Abin kallo ne. Amma wuri ne da aka gina don jama'a su zauna su kalli ana kashe mutane da dabbobi, kuma ni ba abin da ya haɗa ni da shi in ban da hoton Yaya.

Wautar ta biyu ta fi ba ni kunya, don ta shafi sana'ata. Duk yinin nan ruwan roba nake saye, Yuro biyu, wani wurin uku. Na sha ya kai gora shida. Ina ta wuce wasu gajerun famfuna na baƙin ƙarfe a bakin titi, ruwa na zuba daga bakinsu ba tsayawa, ina cewa a raina ga ɓarna, famfo ya lalace an rasa mai gyara. Sai washegari na ga wata tsohuwa ta tsaya ta toshe bakin bututun da yatsa, ruwan ya yi tsartuwa sama ta wani ɗan rami da ke bayan bututun, ta sunkuya ta sha ta wuce abinta. Na gwada. Ruwa mai sanyi kamar daga randa, kyauta. Suna ce musu nasoni, wato masu dogon hanci, tun shekarun 1870 aka fara kafa su, kuma sun fi dubu biyu a birnin. A jikinsu akwai haruffan SPQR, tambarin tsohuwar daular, ma'anarsa majalisar dattawa da jama'ar Roma. Shi ne dai a kan murafun kwalbati ma.

Wannan famfon ne ya farkar da ni. Na ce ashe ina cikin garin da ya yi suna da jawo ruwa tun fiye da shekara dubu biyu, na tafi kallon filin dambe. Amma lokacin rana ta yi nisa, ga sayen tsaraba da ya ci min safiya. Na biya ta maɓuɓɓugar Trevi inda ake cinkoson jefa kwabbai. Kowa bayansa ya juya yana hoto, ni kuwa ruwan nake kallo, don hanyar da ke kawo shi asalinta ita ce Aqua Virgo, wadda Agrippa, na hannun daman Sarki Augustus, ya gina a shekara ta 19 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Tsawonta kusan kilomita 20, gangarar da aka ba ta daga tushe zuwa gari kusan mita huɗu ce kawai. Duk wanda ya taɓa shimfiɗa bututu ya san me wannan lissafi ke nufi. Mu da na'urar awo a hannu, a mita ɗari biyu ma sai ka ga ruwa ya kwanta a tsakiya mun dawo muna tona.

Sai kusan ƙarfe bakwai na yamma na isa filin da ake kira Parco degli Acquedotti, a kudu maso gabashin birnin. Layin A na jirgin ƙarƙashin ƙasa za ka hau, ka sauka a tashar Giulio Agricola, ka ɗan taka. Ba tikiti, ba layi, ba mai kati a wuya. Mutane na ta gudun motsa jiki, yara na buga ƙwallo, ga kuma tsohuwar hanyar ruwan nan, Aqua Claudia, tsaye a kansu, bakan gizo bayan bakan gizo na manyan duwatsu, wasu sun haura mita ashirin, sun miƙe har inda ido ya tsaya. Sarki Caligula ya fara ta a shekara ta 38, Claudius ya kammala a shekara ta 52, tana ɗauko ruwa daga nisan kusan kilomita 69, kuma wata hanyar ruwan, Anio Novus, a kanta aka ɗora ta. Ba inji ko ɗaya. Gangara ce kawai ke aikin.

Akwai wurin da wata hanyar ta yi ƙasa-ƙasa har mutum zai iya leƙa cikin kwatar. Na sa hannu na shafa bangon. An yi masa yaɓe da farar ƙasa haɗe da dakakken jan bulo don kada ruwa ya tsiyaye, a kan yaɓen kuma wani ɓawo mai kauri ya daskare, irin farin dattin da ke kama cikin butar shayi, wanda ruwa ya bari shekara bayan shekara. Na tsaya ina shafawa kamar wanda ya ga ɗan'uwa. Abin da ban sani ba sai daga baya, waɗannan bakunan da ake ɗauka a hoto ɗan guntu ne na aikin. Mafi yawan tsawon hanyoyin a ƙarƙashin ƙasa yake, da ramukan shiga don yashewa da tankunan da laka ke kwantawa. Ta farko ma, Aqua Appia ta shekara ta 312 kafin haihuwar Annabi Isa, kusan gaba ɗayanta a binne take. Zuwa shekara ta 226 hanyoyi goma sha ɗaya ne ke shayar da birnin.

A jirgi ina dawowa na karanta labarin Frontinus, wanda aka naɗa shugaban ruwan Roma a shekara ta 97, na yi dariya har maƙwabcina ya waiwayo. Mutumin ya auna ruwan da ke shiga da wanda ke isa ga jama'a, ya ga lissafi bai daidaita ba. Da ya bi diddigi sai ya tarar masu gonaki na huda hanya suna jan ruwa, a cikin gari kuma ma'aikatan ruwan da kansu ne ke jona wa mutane bututu a ɓoye suna karɓar na goro. Bakin da ake auna wa kowane gida rabonsa da tagulla ake yi, a buga masa hatimi, don dalmar da ake yin bututun da ita tana da taushi, ana iya buɗa ta a ƙara faɗi. Ma'aikata 700 ne a ƙarƙashinsa, dukkansu bayi, wannan ma kada a manta da shi idan ana yabon aikin. Na ce wato ciwon da nake fama da shi kowane mako, na jonin dare, ya girmi kakan kakana. Da mayaƙan ƙabilar Gothawa suka yi wa birnin ƙawanya a shekara ta 537, hanyoyin ruwan suka datse, kuma garin da ya taɓa ɗaukar kusan mutum miliyan ɗaya ya yi ta raguwa, jama'a suka tattare a bakin kogin Tiber.

Duk wannan, awa ɗaya da rabi na samu. Rana ta faɗi wajen tara saura, wayata kuma ta mutu bayan hoto uku, don na ƙarar da cajin jiya da yau kan Kolosiyam da kiran gida ana zaɓen jaka. Ban je Porta Maggiore ba, ƙofar da ake ganin kwatocin Claudia da Anio Novus ɗaya bisa ɗaya a yanke, alhali tana kusa da tashar Termini inda masaukina yake. Da ƙafa ma zan iya zuwa. Awa biyun da na yi ina gasuwa ina jiran rukunin wancan yaron sun ishe ni in je in dawo har in sha shayi.

In kana da niyyar zuwa, ka sayi tikitinka ta intanet tun kana gida, ka riƙe gora ɗaya babu komai ka dinga cikawa a titi, kuma duk wanda ya tare ka da kati a wuya ka ce masa Allah ya ba da sa'a. Sannan ka zauna ka tambayi kanka me kai kake son gani, kafin 'yan'uwa su rubuta maka jadawali. Likita da magini da malamin shari'a kowa akwai Romarsa a can.

Yaya ya samu hotonsa, har ya sa shi a fuskar wayarsa. Da na nuna masa guda ukun da na ɗauka a filin, ya juya wayar ya sake juyawa, ya ce, "Wannan kuma wace gada ce ta karye?"