Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Fasfon Yarana

Makon jiya na tsaya a daren da na rubuta takardar saki, na ajiye a kan tebur, na ɗauki jakata na fita. Wannan kashin da zan ci gaba da shi yau, shi ne wanda na fi daɗewa ina juya shi a raina kafin hannuna ya yarda ya rubuta.

A tunanina, tunda na ajiye takarda magana ta ƙare, saura idda, sannan kowa ya kama gabansa. Bayan kwana 3 na zauna gaban wata lauya, na fassara mata abin da na rubuta. Ta saurare ni har na gama, sannan ta turo min takardar ta ce a wurin hukumar Jamus har gobe ni ne mijin matar nan. A ƙasar alƙali ne kaɗai yake raba aure, shi ma yawanci sai an yi shekara guda cur a rabe, wadda suke kira Trennungsjahr. Ta kuma ce riƙon yara yana hannunmu mu biyu, mutuwar aure ba ta taɓa shi. Makarantar da za a sa su, aikin asibiti mai girma, fasfo, ƙasar da za su zauna, duk sai da yardar uwa da uba.

A lokacin 'yata tana da shekara 9, ƙaninta yana da 5.

Na kama ɗan ɗaki kusa da tashar jirgin ƙasa, yaran suna zuwa wurina Asabar da Lahadi. Watanni biyu muka yi a haka ba tashin hankali, har ranar da na kira Inna a waya, lokacin ciwon ƙafarta ya tsananta. Ta ce min, "Ɗan nan, ashe haka zan mutu ban ɗora hannuna a kan ƙaramin nan ba?" Zuciyata ta karye. Na ce mata, "Inna, ki kwantar da hankalinki. In Allah ya yarda bana zan kawo su gida."

'Yata tana zaune a ƙasa tana zane. Hausarta ba ta da yawa, amma wannan ta ji ta sarai. Da ta koma wurin uwarta ta faɗa mata cikin murna, wai Baba zai kai su gida. Uwar kuma shekara 11 muna tare, ta san in na ce gida ba ɗakin da ke kusa da tasha nake nufi ba.

Bayan kwana 8 na tarar da ambulan mai ruwan ɗorawa a akwatin wasiƙuna. Duk wanda ya zauna a Jamus ya san wannan ambulan, kotu ce ko hukuma take aiko da shi, da kwanan wata rubuce a jikinsa. A tsaye na karanta, a ƙasan bene. Kotun iyali ta hana ni fita da yaran daga ƙasar, an sanar da 'yan sandan kan iyaka, kuma fasfonsu zai zauna a hannun uwarsu. Na karanta sunana a takardar kamar na wani ɓarawon yara. Ranar ban je aiki ba.

Da dare na kira Yaya. Ya ɗauki zafi fiye da ni. "Kai, 'ya'ya ai na uba ne. Jininka ne. Ka yi musu fasfon ƙasarmu, ka bi ta wata ƙasar ka sa su a jirgi. In kun sauka wa zai biyo ka?" Yaya ba mugu ba ne, shi ya biya min kuɗin makaranta bayan rasuwar Baba, ciwon da ya ji a muryata ne ya sa shi faɗin haka. Ni kuma ban ce masa a'a ba. Washegari har na shiga intanet na duba takardun da ake buƙata don yi wa yaro fasfo, na rubuta su a bayan wani rasit na sa a aljihu.

Lauyata ce ta fara dawo da ni hayyacina. Ta ce sashe na 235 na kundin laifukan Jamus ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 5 ga wanda ya fitar da yaro waje don raba shi da ɗayan mahaifin, ko da kuwa uban da ya haife shi ne. Sannan ta yi min bayanin Yarjejeniyar Hague, wadda aka ƙulla ranar 25 ga Oktoba 1980, ta fara aiki a Jamus a watan Disamba 1990, yanzu ƙasashe sama da 100 suna cikinta. Yarjejeniyar ba ta yanke wanda ya fi cancanta da riƙo. Abin da ta ce shi ne, yaron da bai kai shekara 16 ba in aka ɗauke shi ba da izini ba, a mayar da shi ƙasar da ya saba zama, kotun can ta yi hukunci, kuma ana son a gama cikin mako 6. A Jamus wani ofishin shari'a na tarayya da ke birnin Bon ne yake bin irin waɗannan ƙararraki.

Na tambaye ta ko Najeriya tana ciki, ta ce ba ta ciki. Wallahi a wannan lokacin wani sanyi na ji a raina, kamar an nuna min ƙofa a buɗe. Ta lura da fuskata. Ta ce, "Abin da ya faranta maka yanzun nan shi ne yake hana matarka barci. Shi ne kuma zai sa duk alƙalin da ka je gabansa ya ƙi ba ka ko da hutun mako guda da su."

Lauyar ce ta kawo maganar sulhu. Ta ce akwai wata ƙungiya a Balin mai suna MiKK da ke haɗa iyaye 'yan ƙasa biyu da masu shiga tsakani. Tsarin da ake bi shi ne mutum biyu su zauna da ku, mace da namiji, ɗaya ya karanci shari'a ɗaya ya karanci halayyar ɗan'adam, kuma a yi ƙoƙari kowannenku ya samu wanda ya san yarensa da inda ya fito. Da na ji haka sai aya ta 35 ta Suratun Nisa'i ta faɗo min, inda aka ce in an ji tsoron saɓani tsakanin miji da mata a aika mai sulhu daga danginsa da mai sulhu daga danginta. Na yi shekaru ina karanta ayar nan, ban taɓa ganin kaina a cikinta ba, domin dangina da danginta ko gaisawa ba sa iya yi sai da tafinta.

Mun zauna Asabar da Lahadi, tun safe har yamma, a wani ɗaki mai kujeru huɗu da ƙaramin tebur da farin allo. A cikin masu shiga tsakanin, macen Bajamushiya ce. Namijin dattijo ne ɗan Afirka ta Yamma, Musulmi, lauya, furfura ta cika masa gemu, har yana ɗan jin Hausa. Da na ji ya amsa sallamata sai na ɗauka na samu nawa. A hutun farko na bi shi baranda na ce, "Malam, kai ai ka san halinmu, ka san yadda uwa take a wurin mutum." Ya ce, "Na sani ƙwarai. Amma a ɗakin nan ni ba naka ba ne, ba kuma nata ba. An kawo ni ne don in ka yi magana ta ji abin da kake nufi, in ta yi kai ma ka ji. Hukunci kuwa ba na yankewa." Na ji haushinsa a lokacin. Yau ina yi masa addu'a.

Rabin ranar farko tsohon faɗa muka tona, wanda ba zan ɓata muku lokaci da shi ba. Da la'asar macen ta ce kowa ya faɗi abu guda da ya fi tsoro. Uwar yarana ta buɗe jaka ta ciro wata takarda da ta sha ninki har gefenta ya fara yagewa. Jerin ƙasashen da ke cikin yarjejeniyar ne. Ta ce kullum dare sai ta bi shi da yatsa daga sama har ƙasa ko za ta ga sunan ƙasata, ba ta gani. Ta ce ta cire hoton yaran daga bango ta sa a jaka, saboda in an wayi gari babu su, da shi za ta je wurin 'yan sanda. Hannunta yana rawa tana magana. Matar nan na san ta da taurin rai, ranar da ta haifi ƙaramin ma ban ga hawayenta ba.

Na ce ni hutu kawai na nufa, mako 3 mu dawo. Na ce a bakinmu duk wanda yake zaune a waje, ko ya shekara 40, in ya ce gida can yake nufi, kuma zuwa gida ba ya nufin an tafi kenan. Dattijon ya fassara mata wannan a tsanake, ya ƙara da cewa haka yake, shi ma haka yake faɗa. Sannan ya juyo gare ni. "Malam, na ji inda gidanka yake. To in an tashi 'yarka daga barci aka ce ta nuna gida, ina za ta nuna?"

Ban amsa ba. Na san amsar. Za ta nuna benen nan mai jan ƙofa, da titin da take bi da kekenta zuwa makaranta, da ƙawarta ta ƙasan bene. Masu shari'a suna ta ce min "inda yaro ya saba zama", ina jin ta kamar maganar takarda, sai a ranar na gan ta da ƙofa da keke. Abin ya yi min ciwo, har yau in na tuna yana yi min. Na haifi yara da gidansu daban da nawa, kuma ni da kaina na zaɓi hakan ranar da na yi aure, ban dai taɓa tsayawa na dube shi ba.

Da aka zo kaina in faɗi nawa tsoron, na ce tsorona Inna ta rasu ɗana bai san ƙamshin zaninta ba. Tsorona su girma in yi musu magana da harshen da aka yi min reno da shi su dube ni kamar baƙo. Uwarsu ta taɓa zuwa Najeriya sau ɗaya, kafin a haifi ƙaramin, Inna ta riƙe hannunta ta yi ta sa mata albarka ba ta jin ko kalma ɗaya. Da na ambaci Inna sai ta rufe fuska da tafin hannunta.

A daren nan ban runtsa ba, saboda rasit ɗin nan yana nan a aljihun rigata. Tun farko an faɗa mana dokar sulhu ta Jamus ta 2012 ta wajabta wa masu shiga tsakani riƙe sirri, mu ma mun sa hannu cewa abin da aka faɗa a ɗakin ba za a kai shi kotu ba. Duk da haka na san ina iya rasa komai. Da safe kafin a fara na ciro shi na ajiye a kan tebur. Na ce mata tsoronta ba banza ba ne. Ranar da na yi wa Inna alƙawari hutu na nufa, amma bayan ambulan ɗin kotu na yi tunanin guduwa da su, ga shaidar.

Ta ɗauka ta karanta. Ɗakin ya yi tsit har ina jin ƙarar agogon bango. Ta tashi ta fita, macen ta bi ta, suka yi kusan rabin awa. Da ta dawo idonta jawur, ta ce tun da aka fara rigimar nan kowa yake ce mata ta cika zargi, har ta fara shakkar hankalinta. Ta ce, "Yau ne karo na farko da ka faɗa min abin da zan iya yarda da shi."

Daga nan aikin ya koma kan allo. Fasfon yaran zai bar hannunta ya koma ajiya wurin lauya, ba mai karɓa sai da sa hannunmu mu biyu. Kwana 5 cikin kowane mako 2 suna wurina. Sallah ƙarama da babba nawa ne, Kirsimeti nata. Duk Juma'a da yamma za su gaisa da Inna ta bidiyo, ko a gidan wa suke. Tafiya kuwa sai bayan shekara guda, mako 2 kacal, tikitin dawowa a hannu, kuma karon farko da ita za a je. Dattijon ya ba da shawarar kafin tafiyar a nemi wata kotu a can ta fitar da hukunci mai kama da na nan kalma da kalma, don ta samu abin riƙewa a ƙasar da yarjejeniyar ba ta kai ba. Abu ɗaya ya gagare mu, maganar karatun addinin yaran, muka rubuta cewa za a sake zama a kanta. Sauran kuma lauyoyinmu za su kai wa kotun iyali ta amince da shi ya zama yana da ƙarfin hukunci.

Da daddare na kira Inna na faɗa mata bana ba za ta gan su ba, sai baɗi, kuma da uwarsu za su zo. Ta yi shiru har na ɗauka layin ya yanke. Sannan ta ce, "To Allah ya kai mu. Ka ce mata ɗakinta yana nan." Yaya kuwa da ya ji cewa fasfon 'ya'yana yana wurin lauya, kashe wayar ya yi, ya yi wata 4 bai ɗaga kirana ba.

Kafin kotu ta sa hannu, alƙali ya ce sai ya ji ta bakin yaran da kansa, ba ni a wurin ba uwarsu. Abin da 'yata ta faɗa masa a ranar, wanda sai daga baya ya zo kunnena, shi zan ba ku mako mai zuwa in Allah ya kai mu.