Sanyin Mambila da zaren da aka ce mini ulu ne

Duk wanda ya ji aikin maigida zai mayar da mu Nguroje, wani gari a kan tsaunin Mambila, abin da yake fara cewa shi ne mu tanadi kayan sanyi. Babu wanda ya yi mana maganar danshi. Sanyin da muka sani a Kano na hunturu ne, busasshe, mai fasa leɓe da dunduniya. Ka ƙara riga, ka shafa mai, da hantsi ya yi shi ke nan. Na tsaunin Mambila, inda tsayin ƙasa ya kai wajen mita 1,600, jiƙaƙƙe ne. Ruwa yana sauka tun wajen Afrilu har ƙarshen Oktoba, gajimare ya sauko ya zauna a tsakar gida, wanki ya yi kwana da kwanaki a igiya bai bushe ba, takalmin fata ya yi fumfuna a ƙarƙashin gado.

Tun ina yarinya nake saƙa, da kwarashi da kibiya duka. Saboda haka kafin mu tashi na shiga kasuwa neman zare na kirki. Wani mai shago ya ɗauko mini wani mai laushi, ruwan toka, ya ce, "Hajiya, wannan ulu ne zalla, daga waje aka kawo shi, ko ƙanƙara ake yi ba za ki ji komai ba." Har da rantsuwa. Na biya fiye da ninki biyu na kuɗin zaren da na saba saya, na kwashi wanda zai ishe mu mu duka. Da shi na saƙa wa maigida suwaita mai zanen tufka a gaba, aikin da ya ci mini watanni, dare da rana. Har yau idan na tuna rantsuwar nan sai raina ya ɓaci.

Zaman Mambila kuwa, ban taɓa yin mai daɗinsa ba. Daga Serti, da an wuce Mayo Selbe, mota ta fara murɗa hawan nan, sai ki ji iska ta canza tun kafin a kai Maisamari. A sama kuwa tudu ne bayan tudu, ciyawa kore shar, shanu masu dogayen ƙaho suna kiwo babu mai korarsu, ga layin itatuwan turare a gefen gidaje. Fiya da ayaba da dankalin turawa ba sa yankewa a kasuwa, kindirmo kuma daga ruga zuwa ƙofar gida. Idan muka bi ta Kakara, gonar shayi ce iya ganin ido. Na koyi gaisuwa da ciniki da Fulatanci, domin shi ne harshen da ya haɗa kowa a can, Bafulatani da ɗan Mambila da Bahaushe. Bayan sallar asuba mukan fita mu hau tudun da ke bayan gida, mu dawo mu tarar da shayi, ni kuma in zauna da saƙata kusa da murhu.

Ranar da zaren ya nuna halinsa, Ngel Nyaki muka nufa, kurmin da ke kusa da ƙauyen Yelwa. Yana cikin 'yan ragowar kurmin kan tsauni da suka saura a Najeriya, kuma akwai birai a cikinsa har da manyan nan masu kama da mutum, ko da yake mu kukan ƙananan kawai muka ji. Mun sauka cikin kwarin lafiya, tare da wani saurayi ɗan ƙauyen da ya yi mana jagora. A hanyar dawowa, muna tsakiyar hawa, yayyafi ya kama, sannan iska ta biyo bayansa. Ba wani ruwan a zo a gani ba ne. Amma suwaitar maigida ta sha shi tsaf, ta yi nauyi, ta saki har ta kusa kai masa gwiwa, ta manne a jikinsa. Kafin mu kai bakin titi haƙoransa na haɗuwa, leɓensa ya canza launi, ana yi masa magana amsar tana fita da ƙyar. Jagoranmu kuwa wata tsohuwar suwaitar gwanjo ce a jikinsa, duk ta sha faci, ruwa ɗaya ya dake su, amma ko gezau. Shi ya ce, "Baba, cire wannan rigar, ita ke cutar da kai." Ya tuɓe tasa ya ba shi, jiƙaƙƙiya, kuma a cikinta maigida ya fara dawowa hayyacinsa. Duk da haka sai da ya kwanta da mura da ciwon ƙirji, muka yi ta zaryar asibiti.

Wata dattijuwa maƙwabciyarmu, da muke kira Dada, ta zo dubiya ta tarar da rigar da na saƙa a shanye, ta ƙi bushewa. Ta murza ta a hannu ta ce, "'Yata, kawo mini guntun zaren da ashana." Ta kunna masa wuta. Nan take ya kama, yana warin takarda, ya bar toka mai haske da ɗan baƙin ƙulli mai tauri a ƙarshe. Auduga ce aka gauraya da zaren roba. Sai ta tsinko zare daga hular ulun gaske da ke kanta ta ƙona. Wannan da ƙyar ya kama, ya mutu da kansa, ɗakin ya cika da ƙaurin gashi kamar ana babbakar kan rago, abin da ya rage kuma ta murje shi da yatsa ya zama gari. Ashana ɗaya! Da na san wannan a shagon nan, da a gabansa zan ƙona zaren.

Dalilin a fili yake. Ulu na gaskiya gashin tumaki ne, yana iya shan danshi har kusan kashi 30 cikin ɗari na nauyinsa ba tare da an ji shi a jiƙe ba, kuma murɗaɗɗen gashin yana riƙe iska a tsakaninsa, shi ya sa yake ɗumi ko ya sha ruwa. Auduga kuwa idan ta jiƙe sai ta kwanta a fata ta riƙa zuƙe ɗumin jiki. Zaren roba yana bushewa da wuri, ba laifi ga hular yara da bargon ɗaki, amma gumi yana taruwa a ƙarƙashinsa idan ana hawan dutse. Abin da ke rikita mu shi ne a kasuwa kowane zaren saƙa ulu ake ce masa. Ga shi tumakinmu, 'yankasa da uda da balami, gashinsu gajere ne da ba a kaɗawa, don haka ulun gaske daga waje yake zuwa, kuma ba kowane shago ke da shi ba. Wanda zai ce miki nasa zalla ne, ki roƙi guntu ki gwada. Idan ya hana, kin sami amsa.

Inda nake samun nawa yanzu shi ne wurin masu gwanjo. Ina duba takardar da ke wuyan rigar, in kuma babu sai ashana. Na zaɓi babbar suwaitar maza wadda aka haɗa gefunanta da ɗinkin saƙa, domin wadda aka yanka aka bi da keke guntu-guntu take warwarewa, ba ta da amfani. In na warware ta sai in naɗe zaren a bayan kujera, in jiƙa shi a ruwa mai ɗan ɗumi, in rataye shi a inuwa har lanƙwasarsa ta miƙe. Riga guda takan ba ni hula da safa da abin wuya. Aiki ne mai cin lokaci, amma daren Mambila dogo ne.

Wankinsa ma da ladabinsa. Ruwan zafi da cuɗa suna sa shi ya ƙanƙance ya dunƙule, ba ya kuma komawa. Ruwan sanyi, sabulu kaɗan, a matse a cikin tawul, a shimfiɗa shi a kwance. Da rani kuma a adana shi a wanke cikin leda a ƙulle, saboda asu.

Waccan rigar na warware ta, na mayar da zaren tsumman goge tukunya da shimfiɗar ƙofa, sauran ƙullayen kuma suna nan a jaka, na kasa kyautar da su don kada wata ta saƙa wa ɗanta rigar sanyi da su. Na saƙa wa jagoranmu sabuwar suwaita ta ulun gaske, ja mai duhu, ita yake sawa idan zai shiga kurmi. Yanzu safa mai kauri nake yi wa maigida, domin ya ƙudura a Disamba, bayan ruwa ya ɗauke, zai bi masu gadin gandun dajin Gashaka-Gumti zuwa Chappal Waddi, tsaunin da ya fi kowane tsawo a Najeriya, mita 2,419, a kan iyakar Kamaru. Na riga na gaya masa ko singileti ta auduga ba za ta shiga jakarsa ba.