Makon farko na ɗalibin likitanci a asibitin Ingila

Ɗalibin da ya gama aji biyar a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ko na Shika, in ya je Ingila samun horon 'yan makonni, ba ƙarancin ilimi ke fara ba shi wahala ba. Yawanci hannunsa ya fi na tsararsa na can sabawa da majiyyaci. Abin da ke cinye masa kwanakin farko takardu ne da ƙa'idojin da kowa a wurin ya ɗauka an riga an sani.

Matsalar tun daga gida take farawa. Kafin a ba ka katin shiga ɗakin marasa lafiya, sai sashen kula da lafiyar ma'aikata ya tantance ka, kuma rigakafin ciwon hanta nau'in B shi ne ya fi tsayar da mutane. Allura uku ce: ta farko, ta biyu bayan wata 1, ta uku a wata na 6, sannan a gwada jini bayan wata 1 zuwa 2 a ga ƙarfin garkuwa. Sama da 100 shi ake so. Tsakanin 10 da 100 a ƙara allura ɗaya, ƙasa da 10 kuwa jiki bai karɓa ba, sai a sake daga farko. Wato wanda ya tuna da maganar saura wata biyu ya tashi ya riga ya makara. Za a nemi shaidar rigakafin ƙyanda da ƙarambau, a kuma duba tarin fuka. Takardar da ba ta da cikakken suna, ranar haihuwa da hatimin ɗakin gwaji, ana iya mayar da ita, ka zauna a masauki kana jiran sabon sakamako.

A san wannan ma: bizar baƙunta da ake shiga da ita ta yarda da irin wannan horo ne bisa sharaɗin ba albashi, ba kuma yi wa majiyyaci magani. Aikinka kallo, ɗaukar tarihin ciwo, duba jiki da izini, da gabatarwa. Ko an miƙo maka sirinji, tambayi mai kula da kai tukuna.

Farin kwat ɗin da muke alfahari da shi, bar shi a akwati. Tun 2007 aka daina sa shi a ɗakunan jinya. Dokar ita ce hannu a buɗe daga gwiwar hannu zuwa ƙasa: ba agogo, ba doguwar riga, ba farcen kanti, zobe sai na aure maras dutse. Dalili shi ne a iya wanke hannu har wuyansa. 'Yan'uwa mata kada su tsorata. An yarda da hijabi muddin an cusa shi ba ya lilo kan majiyyaci, kuma jagorar hukumar lafiya ta ƙasar (NHS) ta 2020 ta ba da damar sa hannun riga na yarwa, wanda ake cirewa kamar safar hannu. A tiyata ana iya shiga da ɗankwali mai tsabta da za a wanke a zafin digiri 60. Sai dai kowane asibiti da tsarinsa, don haka a tambayi babbar nas ranar farko, ba a ƙofar tiyata ba.

Zagayen safe na likitocin fiɗa yakan fara da ƙarfe 8, kuma da sauri suke wucewa. Ka iso da wuri, ka nemi ƙaramin likitan da ke shekarar farko ya ba ka jerin majiyyata. Kwansultan na fiɗa, wato babban likitan fiɗa, Mista ko Mis ake ce masa, ba Dakta ba. A jadawalin kowane majiyyaci za ka ga makin NEWS2, mai nuna tsananin halin da yake ciki, wanda ake haɗawa daga numfashi, iskar oksijin a jini, hawan jini, bugun zuciya, zafin jiki da yanayin hayyaci. Maki 5 na nufin a duba shi da gaggawa, 7 ko fiye a kira tawagar agaji. Idan zuciyar wani ta tsaya, lambar wayar cikin gida 2222 ce. Haddace ta kafin ka san hanyar kantin abinci.

Inda aka fi gane baƙo shi ne tarihin zamantakewa. Gadajen cike suke da tsofaffi masu shekara 80 da 90, da yawa su kaɗai suke zaune. Mu mun saba akwai ɗa ko suruka a gefen gado, shi ya sa ba ma tambaya. A can dole ka tambaya: da wa yake zaune, gidan bene ne, wa ke masa wanka da girki, da sanda yake tafiya? Amsar ita ke nuna ko za a sallame shi. Sigari ana lissafa ta: kara 20 a rana tsawon shekara ɗaya shi ne ma'auni ɗaya. Giya kuma da nata ma'aunin daban, iyakar da aka ba da shawara ma'auni 14 ne a mako. Ka yi tambayar da sakin fuska, ba tare da alamar ƙyama ba, don majiyyacin da ya ga an tsargu da shi ba zai faɗi gaskiya ba, kuma ɓoye yawan shan giya na iya jawo masa farfaɗiya a kwana na farko ko na biyu, saboda daina sha da ya yi farat ɗaya a asibiti.

Kullum ka faɗi sunanka, ka ce kai ɗalibi ne, ka nemi izini. In an ƙi, ka yi godiya ka wuce. Duba al'aura ko nono ba a yi sai da shaida a ɗakin. Hoton fayil ko na allon kwamfuta, ko da don karatu ne, na iya sa a kore ka a ranar.

Ga mai zuwa a Disamba, rana kan faɗi kafin ƙarfe 4, Azahar da La'asar da Magariba duk a cikin lokacin aiki. Yawancin asibitoci na da ɗakin ibada. Ka gaya wa rajistara, wato likitan da ke ƙasa da kwansultan, tun da safe cewa za ka riƙa fita na minti goma, kada ka ɓace ba sallama a tsakiyar kilinik.