Kwalbar humrar Tanti da hasken da ya ƙi fitowa a Blender

Tantina, ƙanwar mamata, tana haɗa humra tana saidawa nan Maradi, to ana saura wata guda sallar layya ta ce mini "ɗana tunda kullum kana bisa ordinater ka yi mini hoton talla mana, kwalba guda dai amma ta fito da kyau in sa a WhatsApp". Na ce an gama Tanti. Na ɗan jima ina aiki da Blender, manhajar ƙera hotunan 3D a ordinater, na gina gidaje na yi kujeru, amma ban taɓa zama na yi gilashi da gaske ba, kuma aikin nan sai da ya ci mini sati biyu.

Ranar farko kwalbar ta fito baƙa ƙirin kamar an cika ta da baƙin mai. Ashe bango guda na yi mata ba kauri, shi kuwa Cycles, injin Blender mai lissafin haske ya fitar da hoto, in haske ya ratsa fuska guda ɗauka yake ya shiga cikin gilashi, sai ya ratsa ta biyu zai san ya fito. Sannan da can na rage yawan ratsawar da haske zai iya yi zuwa 4 don renda, watau fitar da hoton ƙarshe, ya yi sauri, alhali kwalba kaɗai fuska huɗu gare ta kafin ma a zo ga abin da ke ciki, in lissafin ya ƙare a hanya sai wurin ya yi baƙi. Na yi mata kauri, na maida yawan ratsawar 12, nan take ta washe.

Sai lambar lanƙwasar haske. Gilashi wajen 1.5 ne, ruwa 1.33, lu'ulu'u 2.42, humrar kuwa da ido na daidaita ta tsakanin ruwa da gilashi. Na ji daɗi sosai da na gano cewa dokar wannan lanƙwasa da ake jingina wa masanin lissafi Snell a 1621, wani malami Ibn Sahl ya riga ya rubuta ta a Bagadaza wajen shekara ta 984, cikin littafinshi a kan madubai da tabarau masu ƙona abu. Ruwan cikin kuma kar ka bar iska tsakaninshi da bango, na ɗan kumbura shi ya shiga cikin kaurin gilashin kaɗan, in ba haka ba wani farin layi ne zai kewaye shi. Launi ma na daina shafa shi a fuska, na sa shi cikin jikin ruwan yadda zai riƙa shanye haske, inda ya yi zurfi ya yi duhu, wajen wuya ya yi haske kamar zuma.

Duk da haka hoton bai da rai, kuma na kasa gane mi ya rage. Sai wata la'asar muna zaune a fada anka miƙo shayi na biyu, rana ta karkato ta bugi ƴan kofunan gilashin da ke bisa faranti. Na zuba wa inuwar kofina ido. A tsakiyar inuwar akwai wani zane ja-ja mai ruwan zinariya, siriri daga gindi ya buɗe gaba, kuma ya fi duk sauran farantin haske, in na juya kofin sai ya motsa, in na kurɓa na aje sai ya gajarta. Abokina ya ce malam shayinka zai huce fa, ni kuwa na ciro portabul ina ta ɗauka. Wannan ne kostik, kalmar daga Girkanci ta fito ma'anarta ƙonawa, abin nan ne da yara ke yi da tabarau su tara rana wuri guda har takarda ta kama. Kwalbata a Blender inuwarta irin ta dutse ce, duhu kawai shimfiɗe.

Dalilin yana cikin yadda Cycles ke lissafi, hanyar da James Kajiya ya bayyana tun 1986. Haske ba daga rana yake tashi ba, daga kyamara ake harba shi a bi shi baya-baya. In ya sauka bisa tebur sai a ja miƙaƙƙen layi zuwa fitila a ga ko ana ganinta, to ga gilashi tsakani kuma haske bai ratsa gilashi a miƙe, sai a ce wurin inuwa ne. Abin da ya rage sai dace, watau hasken ya tashi daga tebur ya ratsa kwalba ya lanƙwashe ya je ya faɗa daidai kan rana, ita kuwa rana faɗinta a sama wajen rabin digiri ne kacal. Shi ya sa sai ka ga ɗige-ɗigen fari warwatse kamar an watsa gishiri. Na datse ƙarfin hasken don su ɓace, sunka ɓace tare da kostik ɗin gaba ɗaya. Na ƙara girman rana, ya fito amma a dushe kamar ranar hazo. Na ƙara sampul, watau yawan harbin hasken, ya kai dubbai, ga zafi, fankar ordinater na ta kuka na ɗora shi bisa bulo biyu don ya sha iska, awa ukku yana aiki anka ɗauke kuran batir kuma bai riƙewa. Ranar raina ya ɓaci ƙwarai.

Daga Blender 3.2 na 2022 akwai wata hanyar fitar da kostik a Cycles, wuri ukku za ka danna, a jikin fitila, a jikin abin gilashin, da jikin abin da hasken zai sauka. Na gwada da ƙwallon gilashi ya yi kyau tsaf kuma da sauri. A kwalbata kuwa ya fito fari bai ɗauko launin humrar ba, kuma cikin inuwa kawai yake aiki, hasken da ke tashi daga jikin gilashi ya faɗa gefe babu shi. Ga mai yin ruwan wanka ko tabarau ya isa, ni bai ishe ni ba.

Ƙarshe LuxCore na sauke, wani injin renda irin Cycles, kyauta ne kuma yana shiga cikin Blender. Shi yana iya harba haske daga fitilar ma, ya bi shi ta cikin gilashi har inda ya taru, dangin dabarar da Henrik Wann Jensen ya fito da ita wajen 1996 ta tara ƙwayoyin haske a ajiye. Sai da na sake haɗa gilashin da ruwan daga farko don kayan Cycles ba duka yake karantawa daidai ba, amma cikin ƴan mintoci na ga zanen nan mai ruwan zuma ya fara tsatsowa cikin inuwa, irin na farantin fada sak. Wallahi sai da na miƙe tsaye.

Na kai wa Tanti ta riƙe portabul ta daɗe tana kallo, sai ta ce "ya yi kyau ɗana, amma kwalbata gindinta ya fi haka kauri". Ta ɗauko guda ta miƙo mini, gaskiyarta, gindin ya kusa kaurin yatsa kuma ta ciki a karkace yake, gefe guda ya fi tudu. Na auna da regil na koma na gyara har da karkatar, sai ga zanen hasken ya canza, ya rabu biyu, wani ɗan baka mai ƙarfi kusa da gindi sannan dogon ya miƙe gaba, daidai da yadda kwalbar gaske ta yi da na aje ta bakin taga. Mai goge ɗige-ɗige na manhajar ya so ya shafe mini bakin bakan, don haka na kashe shi na bar renda ya kwana, kuran bai ɗauke ba, bayan asuba na tura mata.