Yadda na bi diddigin tarihin Petah Tikva da ƙauyukan da ke kewaye da ita

Petah Tikva, wadda ke gabas da Tel Aviv ta yau, an kafa ta a 1878, zamanin mulkin daular Usmaniyya ta Turkawa. Wasu Yahudawa masu riƙon addini ne daga Ƙudus, cikinsu har da Yoel Moshe Salomon da David Gutmann da Yehoshua Stampfer, suka sayi fili a ƙasar ƙauyen Mulabbis, kusa da kogin Auja da ake kira Yarkon.

Da taswira na fara, ba da littafin tarihi ba. Taswirar da Turawan Ingila na ƙungiyar binciken Falasɗinu mai suna Palestine Exploration Fund suka auna a shekarun 1870 ta nuna ƙauyuka da rijiyoyi da fadamu kafin garin ya haɗiye su. Idan aka ɗora ta a kan taswirar yanzu, nan take mutum zai gane abin da ya kori mazauna na farko: wasunsu sun yi gini dab da fadamar kogin, zazzaɓin cizon sauro ya yi musu ɓarna, suka watse wajen 1881. Da suka dawo a 1883, da yawansu sun fara zama ne a Yehud, inda ƙasa ta fi tudu, suna zuwa gona daga can. Daga baya kuɗin Baron Edmond de Rothschild, wani attajirin Bayahude na Faransa, ya tallafe su.

Inda aiki ke lalacewa shi ne kwanan wata. Shekarar 1878 ɗin nan, a takardar kotun shari'a 1295 ce ta Hijira. A takardar haraji ta Usmaniyya, mafi yawanta 1294 ce ta kalandar Rumi, wadda ke farawa a watan Maris. A wasiƙar Bayahude kuwa 5638 ce, sai a kaka ta koma 5639. Shi ya sa kowace takarda nake rubuta kwananta na asali tukuna, sannan in juya shi a gefe. Ma'aunin fili ma haka: dunam na Usmaniyya murabba'in mita 919 ne, na zamanin mulkin Ingila a Falasɗinu daga 1928 kuwa 1,000 cif. Wanda ya haɗa su a lissafi guda zai sami giɓin kusan kashi 8 cikin 100.

Abin da ya fi cin lokacina, kuma ya cancanta, shi ne batun mallaka. Dokar ƙasa ta 1858 ta sa a yi rajistar gonaki, sai filaye da yawa suka koma sunan attajiran birni, alhali manoma na nan a kai suna noma. Filin Mulabbis daga hannun 'yan kasuwar birnin Yafa (Jaffa) aka saye shi. Mai saye yana riƙe da takarda, manomi yana riƙe da al'ada, musamman ta sakin dabbobi a gona bayan girbi, abin da duk wanda ya san zaman manomi da makiyayi a ƙasar Hausa zai gane. Rikicin da aka yi a 1886 tsakanin mazauna Petah Tikva da Larabawan ƙauyen da ake kira Yahudiya a kan fili da kiwo ya taso.

Bayanan mazauna garin suna da yawa kuma a rubuce, na manoman Larabawa kaɗan ne. Don haka duk labarin da na samu daga ɓangare guda nakan nemo shi a rajistar ƙasa, ko rahoton ƙaramin jakada, ko ƙidayar 1922 da 1931, kafin in rubuta shi.