Usur ɗin Abhur

Asabar, ƙarfe sha ɗaya na dare, Jidda.

Yara sun yi barci, ni kuwa idona biyu. Sau uku ke nan ina leƙa ɗakinsu ina kasa kunne ga numfashin autana.

Bayan la'asar muka fita da mota biyu, mu da iyalin Yaya da suka zo daga Makka tun jiya. Abhur muka nufa, can arewacin gari, inda Bahar Maliya ta kutso cikin tudu. Uwargida ta yi mana shinkafar kabsa, aka cika filas da shayi, aka shimfiɗa tabarma. Wurin da aka yarda a yi wanka an kewaye shi da igiya mai ƙwallaye a saman ruwa, ga kuma wani saurayi a kan doguwar kujera, usur a wuya, jan abin ceto a cinya. Munƙiz ake ce musu a nan. Yaya ya dube shi ya ce, wannan ai aikin zama ne. Ban musa ba, don ni ma haka na ɗauka.

Autana shekararsa 7. Ruwa iya ƙirjinsa, ni kuma ina tsaye a ciki, tsakaninmu bai fi taku biyar ba. Hira ta ɗauke mu, ni da Yaya, kan sabunta iƙama, wato takardar izinin zama, da tsadar haya. Sai na ji usur, kafin in waiwaya mutum ya wuce ni a guje. Da na juya, ga yarona a tsaye cikin ruwa, kai ya koma baya, baki yana nutsewa yana fitowa, hannuwa suna danna ruwa. Ko tari ban ji ba, balle ihu. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Saurayin ya sa masa abin ceton a ƙirji, ya fito da shi. Yaro ya amayar da ruwan gishiri, ya fashe da kuka. Kukan nan ya fi mini kowane sauti daɗi.

A bakin kogin Haɗeja na tashi, na iya iyo tun kafin in sauke izu biyar, amma duk tsawon rayuwata na ɗauka mai nutsewa ihu yake yi yana ɗaga hannu. Munƙiz ɗin ya ce mini, "Ya ammi (wato baffana), wanda ruwa ke ci ba shi da numfashin kira. Ɗan abin da ya samu na shaƙa ne." Ya ce ƙaramin yaro kan ɓace a ƙasa da minti ɗaya, kuma idan ƙwaƙwalwa ta rasa iska minti huɗu zuwa shida, ta fara lalacewa. Ya nuna mini inda yashi ya zarce ƙasa farat ɗaya, nan ƙafar yaron ta rasa wurin taka. Bai yi mini faɗa ba. Abin da ya roƙa kawai, yaro irin wannan kada ya wuce inda hannuna zai kai, kada kuma in dogara da tayar roba ta wasa, rigar ceto ita ce abin dogaro. Ya ce in tari ya ƙi tsayawa ko numfashi ya yi nauyi, a wuce asibiti a daren. Ya sa na ajiye lambar Dakarun Iyaka masu ceto a teku, 994. Duk maganar nan da yake yi, idonsa na kan ruwa. Na miƙa masa abin da ke aljihuna ya ƙi karɓa, ya koma kujerarsa.

Sai da na zauna na lura da shi sosai. Kansa ba ya tsayawa, daga dama zuwa hagu, daga hagu zuwa dama, babu waya a hannunsa. Yaya ya yi shiru, can ya ce, "Ƙanena, na janye maganata."

Abin da ya hana ni barci yanzu istiraha ce. Mu nan in biki ya tashi ko Sallah, gidan hutu muke kamawa mai tafkin wanka a tsakiya. Maza suna majalisa, mata suna ciki ana girki da lalle, yara kuwa suna bakin ruwa, kowa na zaton wani na kallonsu. Can babu mai usur. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum kusan 300,000 ruwa ya ci a 2021, kuma kusan ɗaya cikin huɗu yara ne 'yan ƙasa da shekara 5. Na sha jin ta'aziyyar irin wannan a masallacin unguwa, muna cewa ƙaddara ce. Ƙaddara gaskiya ce, amma an ce mu ɗaure raƙumi sannan mu yi tawakkali.

Wata mai zuwa ne bikin 'yar Yaya, kuma istiraha aka kama. Mun yi magana a hanyar dawowa: ƙofar tafki za ta kasance a kulle, makulli a aljihuna. In an buɗe, babba ɗaya zai zauna a bakin ruwa na rabin awa, ba waya ba hira, sannan wani ya karɓe shi. Na ce ni zan fara.

Bari in sake leƙa shi.