Asabar a Samaru: gwaiba a ƙasa, ƙaro a gindin lemu

Wajen ƙarfe 3 na dare tsawa ta tashe ni. Na kwanta ina jin indararo yana zuba cikin duro, ina lissafin abin da na bari a waje: kuɓewar da na yanka na shanya a kan kwano, buhun toka, da irin tumatir ɗin da ban rufe ba. Jiya da yamma har na ce wa Malam damina ta yi bankwana, don an yi kwana 9 ba ko ɗigo, ga raɓa ta fara sauka da asuba. Ya ce, "Ke dai bari Oktoba ta raba tsakiya tukuna." Ashe da gaskiyarsa. Ruwa bai tsagaita ba sai bayan sallar asuba, sannan ya koma yayyafi mai naci.

Ina gama shan koko na zura takalmin roba na zagaya bayan gida. Lambun nawa ba wani lambu ba ne, ɗan fili ne tsakanin ɗakin girki da katanga: gwaiba biyu, fara da ja, gwanda uku, lemun zaƙi guda, zogale a jikin katanga, sai fangali huɗu. Amma yau sai ka rantse kasuwa aka watse a gindin gwaibar nan. Ƙasa ta yi rawaya. Wasu sun faɗo da kansu, wasu iska ta kaɗo, wasu kuma jemagu sun gatsa sun yar, don su ba sa cinye guda, ɗanɗano suke bi.

Na taso jikana, wanda ya zo mana hutun ƙarshen mako, na miƙa masa bokiti. Ya fito yana murza ido yana cewa, "Wace irin mata ce wannan, miji na barci tana tashinsa aiki?" Na ce mijin da ba ya kawo cefane ai sai tsintar gwaiba. Malam yana daga baranda da rediyonsa ya ce a gidan nan kaka biyu gare mu, ɗaya tana zubar da gwaiba, ɗaya tana tsincewa.

Kashi uku muka yi. Na sama, waɗanda suka ƙosa suka fara hasken rawaya amma da sauran tauri, yaron ya hau ya tsinko su da hannu, na hana shi girgiza reshe. Na biyu waɗanda suka tsage. Haka gwaiba take yi in ta sha ƙishi sannan ruwa ya sauko mata gaba ɗaya, cikin ya kumbura ya fi ƙarfin ɓawon. Waɗannan ba sa kwana, yau za a ci ko a dafa. Na uku su ne na ƙasa, masu laushi da ɗan baƙin ɗigo kamar an soka allura. Na fasa guda na nuna masa, farar tsutsa tana motsi a ciki, ya yi tsalle da baya.

Mutane na cewa ruwa ne ke sa wa gwaiba tsutsa. Ba ruwa ba ne, wani ɗan ƙuda ne mai ratsin rawaya yake huda ɓawon ya zuba ƙwai. Tsutsar ta ci ta ƙoshi, gwaibar ta faɗo, ita kuma ta fice ta shige ƙasa, bayan 'yan kwanaki ta fito da fukafukai ta koma sama. Wato duk wadda ka bari tana ruɓewa a gindi, gida ka gina wa na gaba. Na daɗe ban san wannan ba, shekara da shekaru ina share su in tara a jikin katanga wai su zama taki. Da akwai rana da na ɗaure su a baƙar leda na ajiye ta dafa su. Tunda babu, masu ɗan dama muka zuba wa awaki, sauran yaron ya haƙa rami ya kai masa gwiwa muka binne muka tattake. Bokiti biyu da rabi muka binne. Waɗanda za a ci kuwa, daro ɗaya da ɗan kwando.

Ina cikin wanke hannu a bakin duro idona ya kai gindin lemu.

Lemun nan Malam ne ya dasa shi shekarar da ya ajiye aiki, lemun mai aure ne, wato an haɗa reshen mai zaƙi a kan gindin wani lemun, kuma bana ya yi 'ya'yan da bai taɓa yi ba, har sai da na tokare rassa biyu da gwafa. Duk baƙon da ya zo sai na kai shi ya gani. To yau a jikin kututturen, ƙasa-ƙasa, na ga wani abu yana naso kamar zuma, ɓawon wajen ya yi duhu ya jiƙe. Na taɓa, danƙo. Na ɗaga kai, sai yanzu na lura ganyen ɓangaren nan ya fara rawaya daga jijiyarsa.

Na aika yaron ya kira mini Baba mai lambu. Dattijo ne a layinmu, ya yi shekaru yana aiki a gonar itatuwa kafin ƙarfi ya ja baya, yanzu yana 'yan dashe-dashensa a bakin Kubanni. Ya zo da buhu a kai saboda yayyafi. Bayan mun gaisa ya durƙusa, ya sa hannu ya tone tudun ƙasar da ke gindin, bai ce komai ba har sai da ya kai wajen auren.

"Hajiya, wa ya yi wa bishiyar nan wannan tarin?"

Na ce ni ce, Baba. A watan Agusta, lokacin marka, ruwan rufin ɗakin girki ya zaizaye wajen har saiwoyi suka fito, sai tausayi ya kama ni, na sa aka kawo baro uku na ƙasa da kashin awaki na rufe, na tattara har jikin kututture kamar ana yi wa dawa huɗa.

Ya girgiza kai. Ya ce lemu ba dawa ba ne, ba ya son a sa masa riga a wuya. Wajen auren nan dole ya zauna sama da ƙasa, ya sha iska. Gindin da aka yi auren a kansa yana da juriya, amma na saman, mai zaƙin, da zarar jiƙaƙƙiyar ƙasa ta kwanta masa a jiki, cutar da ke cikin ƙasar sai ta kama ɓawon, shi ne yake fitar da ƙaron nan. Abin da ya fi sosa mini rai shi ne da ya dubi rassan da nake alfahari da su ya ce, "Wannan yawan 'ya'yan ma ba duka ne na lafiya ba. Bishiya in ta ji an shaƙe ta, takan zuba 'ya'ya."

Garin gyaran gira. Wata biyu ina nuna wa mutane ciwo ina cewa albarka.

Ya karɓi wuƙa ya kankare ɓawon da ya mutu har ya kai mai lafiya. Ciwon ya ci kamar kashi ɗaya cikin uku na zagayen kututturen. Ya ce in ya haɗe zobe, shi ke nan, sai dai itacen girki, amma a haka akwai fata. Muka janye ƙasar duka da fartanya, yaron ya ja 'yar hanyar ruwa daga gindin zuwa lambatu. Ya ce in sayo garin maganin nan mai sinadarin jan ƙarfe a shagon kayan gona, in dama shi da kauri in shafe wajen, kuma in rani ya shiga kada in ƙara zuba ruwa a jikin kututture, a yi masa kwari a kewaye daidai inda inuwar ganye ta tsaya. Na cika masa leda da gwaiba, ya ce haƙora ba su kai nan ba, amma jikoki za su yi godiya.

Kafin ya tafi ya leƙa irin tumatir. Kusan rabi sun kwanta, ƙafarsu ta tsuke daidai bakin ƙasa kamar an murɗe zare. Na yi yayyafin irin da yawa, fangalin kuma ya yi kwari. Na cire matattun, na barbaɗa busasshen yashi daga ƙarƙashin rumfa, na kafa 'yan sanduna na ɗora tsohon kwano a sama. Waɗanda suka tsira za su isa dashe nan da sati 3. Gwanda dai lafiya lau, su a kan tudu suke tun farko. Kuɓewar da na shanya ta koma miya tun ba a kaɗa ta ba.

Da azahar maƙwabciyata ta leƙo ta katanga, ranta a ɓace. Shekaranjiya suka cire gyaɗarsu a gona wajen hanyar Shika suka baza ta, yanzu ga shi. Tsoronta kada ta tsiro ko ta yi funfuna, don gyaɗar da ta sha ruwa bayan cira ita ce mai ɗacin nan, kuma ko a ƙuli ba ta da amfani. A gona guda kuma mijinta murna yake yi, wai dawa da wake sun samu na cika ido. Na ce mata to ku raba gidan biyu, ɓangare ya yi kuka ɓangare ya yi guɗa. Ta yi dariyar dole, na miƙa mata kwandon jar gwaiba.

Tsagaggun na yanyanka na dafa da ɗan ruwa da citta, na tace 'ya'yan da rariya, na sa sukari da lemun tsami. Gora huɗu ya fito. Da wuta ta zo na sa biyu a firji, ba ta yi awa guda ba ta koma.

Sai bayan la'asar na iya gaya wa Malam zancen lemun. Na yi ta kewaye-kewaye, na fara da tumatir, na bi ta gyaɗar maƙwabta. Ya saurara har na gama, ya tashi ya sa takalmi ya je ya daɗe a tsaye a gindin. Da ya dawo sai ya ce shi ma ya ga tudun tun ranar da aka yi shi, har ya ce a ransa aikin ya yi kyau. Ya ɗauki makullin mashin ya tafi kasuwar Samaru neman maganin, jikan a bayansa.

Sun dawo dab da magariba da ƙunshi guda, gari ne mai launin shuɗi-shuɗi. Ban shafa ba, don wajen bai tsane ba, kuma gabas ta sake yin baƙi. Na kifa tsohuwar fanteka a jingine ta kare kututturen daga feshin ruwa, na shigo da buhun tokar da ya rage. Yanzu ƙarfe 9 da 'yan mintuna, ana walƙiya ta wajen Basawa, kuma tun ɗazu nake jin gwaiba tana faɗowa kan kwanon ɗakin awaki ɗaya bayan ɗaya. Na bar bokitin a bakin ƙofa.